Lambun Unguwa da Iyakar Kalmar Gayya

A ƙarshen shekarar 1973 wata mai zane-zane, Liz Christy, da wasu maƙwabtanta suka shiga wani kango da ke mahaɗar titin Bowery da na Houston a birnin Niyok na Amurka, suka fara kwashe shara. A lokacin birnin yana gab da karyewar arziki. Masu gidajen haya suna tserewa su bar gine-ginensu, wasu gidajen ana banka musu wuta, filayen da suka rage kuwa suna komawa juji. Ƙungiyar da waɗannan mutane suka kafa, Green Guerillas, ta soma ne da jefa iri ta saman shingayen filayen da aka yasar. A watan Afrilun 1974 hukumar birnin ta amince ta ba su hayar kangon a kan dala 1 a wata. Lambun yana nan har yau, yana ɗauke da sunan matar, wadda ta rasu a 1985. A 1978 birnin ya kafa shirin GreenThumb domin kula da irin waɗannan wurare, kuma a yanzu lambuna sama da 550 ne ke ƙarƙashinsa, dukkansu a hannun mutanen da ba a biyan su ko sisi.

Mai fassarar da ya ci karo da wannan labari, kalmar da za ta fara faɗo masa ita ce gayya. Jama'a sun taru, sun yi aikin ƙasa, ba wanda ya karɓi lada. Kalmar tana da daɗi, tana kuma faranta ran manazarci, domin tana ba shi damar cewa abin da Turawa suka gano jiya Bahaushe ya daɗe da saninsa. Sai dai fassarar ba ta dace ba, kuma kuskuren nata ya wuce batun ƙamus.

Gayya aikin yini ɗaya ce. Mai gona ya gayyaci mutane, ya tanadi fura da tuwo da goro, wani lokaci ya kira makaɗan noma, samari su jeru kowa da kunyarsa ana rige-rige. Kafin la'asar an gama, kowa ya kama gabansa. Gonar tana da mai ita, amfanin da za ta bayar nasa ne, abin da ya hau kansa kawai shi ne ya amsa gayyar wani idan ranarta ta zo. Ko gayyar da ake yi don amfanin kowa, kamar gyaran hanya ko yashe magudanan ruwa kafin damina ko share maƙabarta, haka siffarta take: tana da safiyar farawa, tana da yammacin ƙarewa. Karin maganar da aka fi jingina ta da shi ma ya fallasa wannan. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gaskiya ne, amma ɗaukar jinka aikin ɗan lokaci ne. Da zarar an aza ta a kan ɗaki hannuwan sun sami hutu.

Lambu ba ya ba da irin wannan hutu. Ranar kwashe shara, wadda ita ce ta yi kama da gayya, ita ce mafi sauƙi a rayuwarsa, ita ce kuma ake ɗauka a hoto. Abin da ke biyo bayanta ba shi da kiɗa. Ƙasar kangayen Niyok sau da yawa tana ɗauke da gubar dalma daga tsohon fenti da hayaƙin mota, saboda haka sai an haɗa akwatunan katako an cika su da ƙasa mai tsabta kafin a shuka abin da za a ci. Lambuna da yawa ba su da famfo, sai an nemi izinin jawo ruwa daga bututun 'yan kwana-kwana da ke bakin titi, ko a tara na sama a cikin durom. Akwai juya takin da ake haɗawa daga ɓawon kayan miya da busasshen ganye, akwai yaƙi da ɓeraye, akwai share ƙanƙara daga gefen titi a lokacin hunturu, sa'ad da babu ko tsiro ɗaya da zai sa mutum sha'awar fitowa. Ƙa'idar GreenThumb ta wajabta a buɗe lambu ga kowa na tsawon awa 20 a mako daga Afrilu zuwa Oktoba, wato dole a sami wanda zai riƙe mabuɗi ya zauna, ko an zo ko ba a zo ba. Ta kuma wajabta wa kowace ƙungiya ta rubuta dokokinta. A nan ne ake warware rigingimun da ba su da girma amma suna iya kashe lambu: wanda ya karɓi fangali ya bar shi ciyawa ta cinye, wanda bishiyarsa ta tare wa tumatirin maƙwabcinsa rana, wanda ya yi shekara biyu a layin jira yana ganin wani ya riƙe fangali biyu.

Idan lallai sai an nemo wa wannan tsari ɗan'uwa a cikin al'adun Bahaushe, to adashi ya fi gayya kusa da shi. A adashi akwai zubi a kan kari, akwai juyi, akwai uwar adashi da ke riƙe lissafi, akwai kuma kunyar da ke kama wanda ya saɓa. Ba a yi masa kiɗa, ba a kuma gama shi a yini ɗaya. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa adashin wasu mata yake shekara goma bai watse ba, na wasu kuma ba ya kai zagaye biyu, ya fahimci rabin sirrin lambun unguwa.

Kalmar sa-kai ma, wadda a zahiri ita ce ta fi dacewa da mutumin da ya ba da lokacinsa kyauta, ta sami wani nauyi na daban. A Zamfara da Katsina idan aka ce 'yan sa-kai, abin da ke zuwa zuciya shi ne bindiga da sintiri. Wannan kansa abin nazari ne ga masu ilimin ma'ana.

Ɗaya rabin sirrin shi ne ƙasa, kuma a nan ne kalmar gayya ta fi yin ɓarna, domin a gayya ba a taɓa tambayar wa ke da gona. Masu lambunan Niyok suna aiki ne a kan filin da ba nasu ba, kuma gyaran da suka yi masa shi ya jawo masa ido. Unguwannin da suka kasance abin gudu a shekarun 1970 sun yi tsada bayan shekara ashirin, lambunan suna cikin abubuwan da suka ƙawata su. A 1999 magajin gari Rudolph Giuliani ya sa lambuna fiye da 100 a gwanjo. Ana gobe za a buga ƙararrawa ne ƙungiyoyi biyu, New York Restoration Project ta mawaƙiya Bette Midler da Trust for Public Land, suka saye su a kan kimanin dala miliyan 4. Wasu ba su tsira ba: a watan Fabrairun 2000 katafila ta baje lambun Esperanza, aka kama waɗanda suka tsaya kare shi. Sai a 2002 aka ƙulla yarjejeniya tsakanin babban lauyan jihar, Eliot Spitzer, da gwamnatin Michael Bloomberg, wadda ta kare ɗaruruwan lambuna, ta kuma saki wasu domin gina gidaje. Hujjar masu son ginin ba ta banza ba ce, domin birnin yana fama da ƙarancin muhalli. Amma tun daga lokacin ya bayyana cewa halartar zaman majalisar unguwa da bin takardu a ofis suna cikin aikin lambu kamar yadda ban-ruwa yake cikinsa.

Ana iya cewa harshe rayayye ne, kalma tana faɗaɗa, babu laifi idan gayya ta ɗauki sabuwar ma'ana. Haka ne, idan masu aikin ne da kansu suka faɗaɗa ta. Abin tsoro shi ne manazarci ko mai tsara shiri ya riga su, ya rubuta cewa tun da Hausawa sun san gayya, lambun unguwa zai kama a Kano ko Zariya ko Maraɗi ba da wahala ba. Sai a ware kuɗin iri da shebur da lemon ranar buɗewa, a manta da jadawalin ban-ruwa na watan Maris, a manta da takardar fili.

Kano ba baƙuwar noman cikin gari ba ce. Manoman da ke bakin Jakara da Getsi sun daɗe suna fitar da latas da alayyafo da kabeji zuwa kasuwannin birni, ko da yake nasu sana'a ce ta kowa da lambunsa, kuma ruwan da suke amfani da shi yana ɗauke da dattin gidaje da na masana'antu. Binciken da Lynch da Binns da Olofin suka wallafa a 2001 ya nuna cewa babbar barazanar da ke kansu ita ce rashin tabbas a kan ƙasar da suke nomawa, yayin da gine-gine ke matsowa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, don haka jama'ar unguwar da suka share juji suka dasa zogale ba su da abin riƙewa ranar da aka zo da takardar mallaka. Hausa tana da kalmar da ta dace da filin da aka keɓe don amfanin kowa aka hana taɓa shi, wato hurumi. Tambayar da ta kamata masu nazarin al'ada su bi diddiginta ita ce yadda aka kare hurumi a da, wa ke da ikon ayyana shi, da kuma dalilin da ya sa da yawa daga cikin waɗanda aka sani a gefen garuruwa suka koma fuloti.