Gidan Haya: Fenti Ko Maƙwabta?

Ina so in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai a kan sha'anin gidan haya. Kowace shekara idan an komo daga hutu, waɗanda ba su sami gado a ɗakunan kwana na kwaleji ba sai su bazu cikin Azare neman ɗaki. Yawancinmu kuwa tambaya biyu mu ke yi wa dillali. Ta fari, "Nawa ne?" Ta biyu, "Su wane ne a gidan?" Kowa ya san abin da a ke nufi da ta biyun, watau wace kabila ce, wane addini ne. Ni a ganina wannan tambaya ba ta dace da wanda ya ke koyon aikin malanta ba, kuma ita ce ke mantar da mu tambayoyin da su ka fi amfani.

Ɗaki dai ya yi tsada a Azare, ba kuwa abin mamaki ba ne. Ban da kwalejinmu, an buɗe jami'ar jiha a Gadau a 2011, wadda yanzu a ke kira Jami'ar Sa'adu Zungur, sa'an nan a 2021 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'ar kimiyyar lafiya a nan cikin gari. Malamai da ɗalibai da ma'aikatan asibiti duk wurin kwana su ke nema. Masu gidaje da su ka ga haka sai su ka shiga gyara. Waɗansu gyaran gaskiya su ka yi. Waɗansu kuwa fenti kawai su ka shafa wa tsohuwar katanga, su ka ƙara kuɗi.

Bara ni da wani abokina mu ka haɗa kuɗi mu ka kama ciki da falo a wani gida da aka gyara. An sa tayil, an yi sabon silin, ga ɗan lambu a baya mai zogale da gwanda da bishiyar lemun tsami. Lambun nan shi ya ja hankalina, har na manta ban ɗaga kai na dubi kwano ba. Mu ka biya kuɗin shekara ɗungum, mu ka ba dillali la'adarsa. Ashe kyan ɗan maciji ne. Da ruwan Agusta ya sauka sai silin ya kumbura, ruwa ya zubo daidai kan akwatin littattafaina. Laifin rabi na mai gida ne, rabi nawa, gama da rani na duba gida, ban kuwa tambayi kowa ba yadda ya ke da damina.

To, wa ya tashi cikin daren nan ya kawo mana baho da leda? Wani tela ne mutumin Itas, wanda ɗakinsa ke kallon namu. Shi Musulmi ne, ni kuwa Kirista, a makarantar mishan na yi karatu tun daga aji ɗaya. Da gari ya waye wani Ibo mai sayar da kayan gyaran babur ya ba mu aron tsani, wata Bayarabiya ma'aikaciyar asibiti ta shanya mini littattafai a barandarta. Telan nan kuma shi ya raka ni wurin mai gida, ya ce, "Alhaji, malamin nan amana ne a hannunmu, a taimaka a gyara masa." Kafin mako ya zagayo an canja kwano biyu. Da ni kaɗai na je, watakila da har yau ana cewa in komo gobe.

Ba zan ɓoye ba, kafin in shiga gidan nan sai da iyayena su ka yi ta faɗa. Su mutanen kudancin Bauchi ne, sun ga rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 da idonsu, saboda haka ba na ce tsoronsu shirme ne ba. Na san kuma akwai abokaina Musulmi da iyayensu ke yi musu irin wannan gargaɗi game da mu. Amma a duba a gani, raba unguwanni ya taɓa kawo zaman lafiya? Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa su ka keɓe wa baƙi Sabon Gari, kamar yadda aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Ibadan a 1916. Mutane su ka yi shekaru arba'in suna haɗuwa a kasuwa suna rabuwa da magariba, duk da haka rikici ya ɓarke a Kano a 1953. Kaduna ma tun bayan rikicin shekara ta 2000 yawancin Musulmi su ka koma arewacin gari, Kirista su ka koma kudu. Yaron da ya tashi a haka, labarin ɗayan ɓangaren sai dai ya ji a bakin wani, wanda ya ke ba da labarin kuwa ba kullum ne mai son alheri ba.

Mu fa malamai za mu zama. Ba a tambayar malami irin yaran da ya ke so a ajinsa. Da aka tura ni koyon aikin koyarwa a Itas, na tarar da 'ya'yan Hausawa manoma da 'ya'yan Fulani makiyaya a benci ɗaya. Abin da na koya a tsakar gidan haya shi ya cece ni: yadda a ke gai da dattijo, lokacin da ya kamata a sallami yara ran Jumma'a, da dalilin da ya sa ba a cin abinci a gaban mai azumi ko da bai hana ba. Ba a koya mini waɗannan a aji ba. Masauki ma telan nan ne ya kira wansa ta waya, na sauka a gidansu har na gama, kuma ran Lahadi ba wanda ya taɓa tambayata ina za ni.

Kada a ɗauka zaman gidan haɗaka duk zuma ne. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Mun yi gardama kan kuɗin lantarki, don mita ɗaya ce, ga mai firiji ga mai fitila ɗaya tak. Mun yi kan sharar tsakar gida, har kan gwandar lambu, wa ya tsinke ta ba ta nuna ba. Sai dai ban taɓa ganin gardamar da ta bi layin addini ba. Ranar rigimar mita, ni da telan gefe ɗaya mu ke, Ibon da ya ke zuwa coci kamata yana ɗaya gefen.

Saboda haka, 'yan'uwa, in za ku kama ɗaki bana, ku bar dillali a ƙofa ku shiga ku gai da tsofaffin 'yan haya. Ku tambaye su ko kwano na yoyo, ko rijiya na ƙafewa da bazara har a koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa, mutum nawa ke amfani da makewayi ɗaya, da kuma wanda gyara ke wuyansa in abu ya lalace. Kada ku biya ko kwabo sai an rubuta yarjejeniya an ba ku rasit, da shaida. Ina kuma roƙon ƙungiyar ɗalibai ta buɗe littafi a ofishinta, wanda duk ya fita daga gidan haya ya rubuta abin da ya tarar, mai kyau da maras kyau, domin sababbin zuwa su duba kafin su biya. Ni zan fara rubuta nawa, har da batun kwanon nan biyu.