Yaron da ake kira Dattijo: makonnin farko na ɗan mishan ɗin Mormon

Duk wanda ya taɓa ratsa Aba ko Fatakwal ko Legas, ko ya kwana biyu a Accra, da wuya a ce bai gamu da su ba. Samari ne biyu-biyu, farar shat fes, da laktaye ko ana zafin da zai dafa ƙwai, da wani ɗan baƙin baji maƙale a ƙirji. Jama'a suna kiran su 'yan Mormon. Sunan cocinsu na ainihi shi ne Cocin Yesu Kiristi na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe, wanda Joseph Smith ya kafa a jihar New York ta Amurka a 1830, hedikwatarsa kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah. A 2018 shugabansu na lokacin, Russell M. Nelson, ya nemi a daina kiran su Mormon, amma bakin mutane ya riga ya saba, ni ma da shi zan yi amfani don gajarta zance.

Ba aƙidarsu zan tattauna a wannan makon ba. Abin da ya ja hankalina shi ne 'yan makonnin da matashin yake yi a cibiyar horo kafin a sake shi cikin duniya. A ganina, wanda aka fi son a sauya wa zuciya a cikin tsarin nan gaba ɗaya shi ne yaron da ke ɗauke da jakar, kafin a zo ga mutanen da zai ƙwanƙwasa wa ƙofa.

Abin yana farawa ne da wasiƙa. Matashi zai cike takardu, ya ga likita, ya zauna da shugaban cocin unguwarsu da na shiyya su yi masa tambayoyi game da imaninsa da kamun kansa. Sai a aika takardun hedikwata, inda ɗaya daga cikin manyan jagororinsu 12, waɗanda suke kira manzanni, zai yanke inda za a tura shi. Ba shi da ta cewa. Yana iya fatar Faransa ya tsinci kansa a Filifin, ko ya yi mafarkin ƙetare a tura shi jihar da ke maƙwabtaka da tasu. Wanda ya taɓa jiran takardar aikin yi wa ƙasa hidima ya san ɗanɗanon wannan faɗuwar gaba, sai dai nan shekara 2 ce cur ga namiji, wata 18 ga mace, kuma babu alawus. Shi ne ma zai biya. Ɗan mishan daga Amurka yana ba da wani adadin kuɗi a kowane wata, daga abin da ya tara ko daga aljihun iyayensa, wanda ba shi da hali kuma asusun cocin ya tallafa masa. A watan Oktoban 2012 shugaba Thomas S. Monson ya rage shekarun fita, na maza daga 19 zuwa 18, na mata daga 21 zuwa 19. Wato da yawansu daga sakandare kai tsaye suke tafiya, ba su taɓa yin wata guda nesa da tuwon gida ba.

Babbar cibiyar horon tana garin Provo a Utah, jikin Jami'ar Brigham Young. Ta faro ne a 1961 a matsayin ƙaramar makarantar koyon harshe, a 1978 ta zama cibiyar horar da 'yan mishan baki ɗaya. Ranar shiga, iyaye a bakin titi suke sauke ɗansu, a rungumi juna na 'yan mintoci, wani ya ja masa akwati, shi ke nan. A ciki za a maƙala masa bajin nan. Sunansa na yanka ba ya kai. Abin da aka rubuta shi ne Elder, wato dattijo, sai sunan gidansu, sai sunan cocin. Mace kuwa Sister, wato 'yar'uwa. Yaron da bai fara aske gemu sosai ba, daga yau Dattijo Wane ne, kuma sai ya yi shekara 2 da ƙyar yake jin wani ya kira shi da sunan da uwarsa ke kiran sa.

Jadawalin da aka san su da shi ba ya da wani ado. Tashi ƙarfe 6:30 na safe, addu'a, motsa jiki, karin kumallo, sa'a guda ta karatun littattafansu shi kaɗai, wato Baibul da Littafin Mormon, sannan karatu tare da abokin zama, sannan aji. Ajin ƙarami ne, kimanin mutum 8 zuwa 12, kuma da su zai ci abinci, da su zai yi ibada. Akwai aikin shara da goge-goge. Da dare a tsara aikin gobe, a rubuta abin da ya faru a littafin ajiye tarihin rana, ƙarfe 10:30 a kashe wuta. Babu talbijin, babu fim, babu zance, babu iyo. Giya da taba da shayi da kofi dama an hana kowane ɗan cocin. Rana ɗaya a mako ake ba shi ya yi wanki ya rubuta wasiƙa. Lahadin farko ta kowane wata kuma a yi azumi, a tsallake cin abinci sau 2, a ba mabuƙata kuɗin.

Duk wannan, barikin soja ma ana yin kusan haka. Abin da ya bambanta shi ne dokar abokin zama. Daga sa'ar da ya shiga za a haɗa shi da wani matashi da bai taɓa gani ba, kuma wajibi ne kowane lokaci su kasance inda ɗaya zai ga ɗaya, ya kuma ji muryarsa. In ban da shiga bayi da wanka, babu rabuwa. Tare za su kwana a ɗaki, tare za su ci, tare za su durƙusa su yi addu'a da ƙarfi, safe da dare. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. To yaya ke nan idan zaman babu ƙofar fita? Wannan mai minshari ne, wancan mai nawa ne, wani kuma ya fi ka ƙwaƙwalwa yana kuma son ka sani. Tsarin ya san da haka, shi ya sa aka ware lokaci a kowane mako da su biyun za su zauna, kowa ya faɗi abin da yake yabawa a halin ɗan'uwansa da abin da ke damun sa.

Cocin yana bayyana dokar a matsayin kariya daga haɗari da jarrabawar zuciya da ƙazafi, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ni ina ganin nan ne ainihin makarantar take. Abu ne mai sauƙi yaro ya karanta babin haƙuri ya ji daɗinsa. Wuyar ita ce ya durƙusa ya roƙa wa mutumin da ya ɓata masa rai da rana alheri, da murya, mutumin kuma yana gefensa yana saurare. Ko dai addu'ar ta zama ƙarya, ko kuma fushin ya sauka. Wanda ya yi haka dare 40 a jere, ba zai fito yadda ya shiga ba. Kada mu manta kuma da ɗaya fuskar: abokin zama shi ne mai gadi. Ba ka da inda za ka keɓe ka yi kuka, balle ka yi shakka da ƙarfi.

Sai batun harshe, wanda shi ne ya fi fito da sunan Provo a duniya. Ana koyar da harsuna sama da 50 a can. Wanda zai yi aiki da harshensa na gida makonni kaɗan yake yi, mai koyon Faransanci ko Sifaniyanci kimanin 6, mai fama da Sinanci ko Japananci ko Koriyanci ko Rashanci har 9. Malaman ba furofesoshi ba ne. Galibinsu ɗaliban jami'a ne da suka dawo daga nasu aikin ba da jimawa ba. Ba a fara wa yaro da yadda ake cinikin tumatir a kasuwa. Abin da ake fara koya masa shi ne yadda zai yi addu'a da yadda zai shaida imaninsa a sabon harshen, cikin 'yan kwanaki kuma a tura shi ɗaki ya koyar da wani da ke kwaikwayon mai neman sani, ba tare da Turanci ba. Gumi zai yi, ya yi ta in-ina, ya fito da kunya, gobe ya koma.

Su suna kiran nasarar da suke samu baiwar harsuna daga Ubangiji. Malamin harshe zai ce dalilin a fili yake: sa'o'i masu yawa a kullum, babu abin raba hankali, ga buƙata a gaba. Da wannan hanya Mitt Romney ya iya Faransanci, bayan ya yi nasa aikin a Faransa daga 1966 zuwa 1968. Jon Huntsman kuwa a Taiwan ya koyi Sinanci, daga baya ya zama jakadan Amurka a ƙasar Sin. Abin da ya fi tsaya mini a rai dai wani ne daban. Yaron da ya tashi a gidan ibada yakan haddace jimlolin addu'a tun bai san ma'anarsu ba, harshensa yana gudu zuciyarsa tana barci. Idan ka tilasta masa ya yi addu'a da kalmomi ƙalilan da ya koya jiya, babu sauran ado da zai ɓuya a bayansa. Dole ya tsaya ya tambayi kansa me yake so ya ce.

Littafin jagoransu ma ya ƙara tura su wannan lungu. A da, darussa ake haddacewa kalma da kalma. A 2004 aka fito da sabon jagora mai suna Preach My Gospel, wanda ya buƙaci ɗan mishan ya fahimci darasin ya faɗe shi da bakinsa. To a nan ne wasu ke gano cewa imanin da suka zo da shi na aro ne, na uwa da uba. Abin da suke kira bunƙasar ruhi sau da yawa daga wannan tsoro yake farawa, yaro ya ga cewa nan da mako 3 zai dubi idon baƙo ya ce ya san abu kaza gaskiya ne, shi kuwa bai tabbata ba.

Ba kowa ke ƙetarewa lafiya ba, kuma bai kamata a rufe wannan da tabarma ba. Ga samari, cocin yana ɗaukar fitar a matsayin nauyin da ya hau kansu, ga 'yan mata kuwa zaɓi ne. A garuruwan Utah inda kusan kowa ɗan cocin ne, saurayin da ya ƙi tafiya ko ya dawo kafin lokaci yana shan kallo, har a wajen neman aure. Akwai masu dawowa saboda ciwon damuwa da firgici, akwai masu kasa jure kewar gida. Cocin kansa ya nuna ya lura. A 2013 ya fitar da wani ɗan littafi kan yadda ake jure matsin rayuwar mishan. A Fabrairun 2019 kuma ya soke tsohuwar dokar da ta taƙaita kiran gida ga sau 2 a shekara, ranar Kirsimeti da ranar iyaye mata, ya bari a riƙa kira kowane mako. Na tabbata ba tausayi kaɗai ya kawo wannan sauyi ba. Sun ga cewa ɗan shekara 18 ba ɗaya yake da ɗan 21 ba, kuma igiyar da aka ja da ƙarfi tsinkewa take yi.

Mai suka zai ce wannan wankin ƙwaƙwalwa ne kawai: ka raba yaro da gida, ka karɓe sunansa, ka cika masa kowace sa'a. Ban yarda da shi gaba ɗaya ba, domin katangar ba ta daɗewa. Bayan makonni kaɗan za a jefa yaron titi, inda mafi yawan mutane za su rufe masa ƙofa, wasu su yi masa tambayoyin da ba a koya masa amsarsu ba. Imanin da zafin taro kaɗai ya haifar ba ya jure wata 20 na irin wannan. Sai dai mai sukan yana da hujja a wuri ɗaya. Zaɓin da ƙin yin sa zai jawo maka kunya a gaban dangi, rabin zaɓi ne.

Wannan horo yanzu ya zo kusa da mu. Har zuwa watan Yunin 1978 cocin ba ya ba baƙar fata matsayin limanci, tabon da har yau yake amsa tambaya a kansa. A Nuwamban shekarar 'yan mishan suka iso Najeriya, suka yi wa Anthony Obinna baftisma, malamin makarantar da ya shafe shekaru yana aika musu wasiƙa yana jira. A Ghana gwamnatin Rawlings ta dakatar da ayyukansu daga 1989 zuwa 1990. Amma a 2002 suka buɗe cibiyar horo a Tema, a 2017 kuma suka koma sabon gini a Accra, kusa da haikalinsu. A can ake haɗa ɗan Aba da ɗan Kinshasa ko ɗan Abijan a ɗaki ɗaya, wannan yana lalube da Faransanci, wancan da Turanci, kuma dokar gani da ji tana nan yadda take a Provo.

Ranar da aka gama, sai a raba su. Kowa ya hau mota ko jirgi zuwa inda wasiƙarsa ta ce, a damƙa shi ga wani da ya riga shi fita da 'yan watanni, wanda zai koya masa hanya na mako 12. Daga nan kuma, duk bayan mako 6 ana iya sauya masa gari ko abokin zama, ya sake koyon zama da wani baƙon daga farko.