Ledar kantunan Ingila da man kaɗenmu

Wannan mako za mu leƙa Ingila, inda manyan kantuna suka ɗauki alkawarin karɓar ledar da suka sayar ma mutane kaya cikinta. A shekara ta 2021 ne kamfanonin Tesco, Sainsbury's da Co-op suka girka akwatuna a bakin ƙofofinsu, domin mai saye ya maido ledar burodi, ta biskit, da ƴar jakar sabulu ko ta man shafawa. Dalili kuwa shi ne yawancin hukumomin gari ba su kwasar wannan leda mai laushi tare da sharar da ake sake sarrafawa. Ba ta da nauyi balle ta yi kuɗi, tana nannaɗe injin, kuma sau da yawa roba iri biyu ko uku ce aka manne da alminiyom, raba su ya fi ƙera sabuwa tsada.

Mutane sun amsa kira, suna wanke leda, su shanya, su kai. To amma tsakanin 2023 da 2024 ƙungiyoyi biyu, Everyday Plastic da Environmental Investigation Agency, suka ɓoye ƴan na'urorin bin sawu cikin ƙunshi 40, suka jefa a akwatunan Tesco da Sainsbury's. Cikin waɗanda aka gano inda suka ƙare, kashi 70 cikin 100 ƙona su aka yi. Sauran an fitar da mafi yawansu waje, musamman Turkiyya, aka narke su aka yi kaya masu ƙarancin daraja. A Ostireliya ma shirin REDcycle, wanda ke tattara leda a kantunan Coles da Woolworths, ya durƙushe a watan Nuwamba na 2022, aka tarar da dubban ton jibge a ɗakunan ajiya. Duk ɗan kasuwa ya san ƙarshen hajar da ba ta da mai saye.

Wannan ne ya sa masu neman kayan kwalliyar da ba su ɓata muhalli suka fara duban mazubi kafin su dubi abin da ke ciki. Kamfanin Lush yana sayar da sabulun wanke gashi dunƙule, ba kwalba ba leda. Wasu kantuna kuma mutum zai zo da kwalbarsa a cika masa, kamar yadda ake auna man gyaɗa a kasuwar Maraɗi tun kaka da kakanni. Gwamnati ta sa hannu a abu guda: tun 2018 an hana ƴan ƙwayoyin roba da ake zubawa cikin sabulun goge fuska da man goge haƙora, waɗanda ke bin ruwa su ƙare a cikin kifi. Amma hoton koren ganye a jikin kwali kowa na iya bugawa. Kuma kada a ruɗe mu da kalmar “na gargajiya”, domin kwallin da iyayenmu mata ke sawa, wani yana ɗauke da dalma, wadda guba ce, musamman ga jarirai.

Abin da ya kamata ƴan kasuwarmu su lura da shi, shi ne abin da ke cikin waɗannan kwalabe masu tsada. Sau da yawa man kaɗe ne. Kamfanin The Body Shop ya fara sayen man kaɗe daga hannun matan ƙungiyar Tungteiya ta arewacin Gana tun 1994, kuma sunan matan da labarinsu na cikin abin da ya riƙa tallatawa. Itacen kaɗanya bai san iyaka ba, akwai shi a yankin Gaya. Matanmu na can sun iya tsintar ƙwara, su dafa, su daka, su tuƙa har mai ya taso. Abin da mai saye na Turai ke nema bayan wannan shi ne tsabta, awo madaidaici, takardar shaida, da mazubin da ba zai zama shara ba. Nan ne aikin ma'aikatan kasuwanci da na muhalli yake.

Mu kuwa, man da a da ake sayarwa cikin ƙwarya ko ƙoƙo, yanzu a leda ake ƙulle shi, haka lalle, haka sabulun salo. Alhali Nijar na da doka tun watan Nuwamba na 2014, mai lamba 2014-63, wadda ta hana ƙerawa, shigowa da sayar da irin wannan leda mai laushi. Wanda ya bi magudanan ruwan Yamai da damina, ko ya dubi ƙayoyin bayan garin Damagaram da Tawa sanye da baƙar leda, zai ga inda dokar ta tsaya. Mahauta ma suna da nasu bayani, don su ke tsaga tumbin akuya su ciro ta dunƙule. Kuma ledar nan ba daga sama take faɗowa ba, cikin motoci take shigowa, ta gaban ƴan duwan.