Nukiliyar Saudiyya: Yadda ɗigo ɗaya ke bayyana gaskiyar yuraniyom

A ƙarshen Disamban 2024 ne Saudiyya ta fice daga tsarin da ke sassauta binciken Hukumar Kula da Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ga ƙasashen da ba su da sinadaran nukiliya masu yawa. Hakan ya buɗe wa jami'an hukumar ƙofar cikakken bincike, a daidai lokacin da burin masarautar ke faɗaɗa.

Tun a 2017 Hukumar Binciken Albarkatun Ƙasa ta Saudiyya, mai hedikwata a Jidda da ke lardin Makka, ta haɗa hannu da ƙwararrun China wajen neman yuraniyom. A Janairun 2025 kuma ministan makamashi, Yarima Abdul'aziz bin Salman, ya ce ƙasar za ta tace shi ta kuma sayar. Abin da ya sa duniya ta kasa kunne shi ne furucin Yarima Muhammad bin Salman a 2018, cewa idan Iran ta ƙera makamin nukiliya, Saudiyya za ta bi sahu.

Mene ne ake aunawa?

Yuraniyom da ake haƙowa gauraye yake da nau'i biyu. Fiye da kashi 99 cikin ɗari nau'in 238 ne, yayin da nau'in 235, wanda ke ba da makamashi, bai wuce kashi 0.7 ba. Tashoshin lantarki na buƙatar a tace shi zuwa kashi 3 zuwa 5, makami kuwa kusan kashi 90. Ƙaramar tashar bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta yi aiki da mai kashi 90 kafin a sauya mata da mai kashi 13 a 2018.

Ido ba ya rarrabe waɗannan nau'o'i, sai na'urar da ke auna nauyin ƙwayoyin zarra. Jami'ai kan shafi bango da injuna da ƙyallen auduga, ko su ɗebi samfur, a aika ɗakunan binciken hukumar a Seibersdorf kusa da Vienna.

Inda gizo ke saƙar

A ɗaya daga cikin manyan hanyoyin awon, ana narkar da samfurin cikin asid, a ɗiga ɗigo guda a kan siririn ƙarfen reniyom, a busar, sannan a gasa shi cikin na'urar da zafin da ya kai kusan digiri 2,000. Ƙwayoyin da suka ɗauki caji sai maganaɗisu ya raba su gwargwadon nauyinsu.

Matsala biyu ce a nan. Yawanci ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyin ne ke ɗaukar caji, sauran su salwanta. Sannan nau'in 235 ya fi saurin tashi saboda rashin nauyinsa, abin da ka iya karkatar da sakamako. Shi ya sa masana ke ta gyara yadda ake ɗora samfurin: a tattara shi wuri guda kada ya bazu, a haɗa shi da sinadarin kabon don ƙara yawan ƙwayoyin da ke ɗaukar caji, a kuma ƙone shi ƙurmus ana ƙirge tun daga farko har ƙarshe.

Iran ta ɗanɗana tasirin irin wannan bincike. A 2003 an gano ɓurɓushin yuraniyom da aka tace sosai a Natanz, wanda daga baya aka danganta yawancinsa da kayan da aka sayo daga Pakistan. A Janairun 2023 kuma an samu mai kashi 83.7 a Fordo.

Iyakar na'ura

Sai dai komai ƙwarewar ɗakin bincike, ba ya auna abin da ba a kawo masa ba. Lokacin da Saudiyya ta ɗauki matakin 2024, ba ta rattaba hannu kan ƙarin yarjejeniyar da ke bai wa jami'ai damar ɗibar samfur a wuraren da ba a bayyana ba. Muddin masarautar na son tace yuraniyom a cikin gida, amincewar maƙwabta da abokan cinikinta za ta dogara ne kan ƙofofin da ta yarda ta buɗe.