Wayar talaka ce kaɗai ke ɓata shari'a?

Wallahi abin nan ya ishe ni. Ka je kotu sauraron shari'ar ɗan'uwanka, tun daga bakin ƙofa a daka maka tsawa: kashe wayarka! Ka kuskura ka ɗaga ta, a ce ka raina kotu. To, mun yarda, ba mai son ƙarar waya ta katse mai ba da shaida, kuma ɗan Borno ba sai an koya masa dalilin binciken jaka ba. Amma wayar da ke shiru fa, wadda uba ke son ya naɗi abin da aka faɗa a kan ran ɗansa, wa ta cuta?

A nan Maiduguri fa, a Afrilun 2020, lokacin kullen korona, Babbar Kotun Jiha ƙarƙashin Babban Joji Kashim Zannah ta yanke hukunci ta bidiyo, aka yi ta yabon Borno ta riga kowa. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya karɓi hujjar da ta fito daga kwamfuta. Wato na'ura halal ce a hannun hukuma, haram ce a hannun ni da kai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shari'ar 'yan Boko Haram. Mu aka ƙone wa Baga da Bama da Gwoza, mu muka binne gawarwaki, amma a Oktoban 2017 sai aka je can barikin soja na Kainji a jihar Neja aka fara shari'ar, ƙofa a rufe, ba ɗan jarida. Uwar da aka yanka ɗanta a gabanta, iyakar rabonta sanarwa a rediyo: an ɗaure kaza, an sallami kaza. Su wa? Da wace hujja? Oho! Wai duk bai isa ba, a 2022 Babban Jojin Babbar Kotun Tarayya, John Tsoho, ya fitar da umarnin hana ɗaukar rahoton shari'o'in ta'addanci sai da izini.

Za su ce don kare shaidu ne. A sakaya sunan shaida mana, a rufe fuskarsa, a sauya muryarsa, doka ta ba da wannan dama. Sashe na 36 na kundin tsarin mulki cewa ya yi a yi shari'a a bainar jama'a. Ghana ta nuna shari'ar zaɓen shugaban ƙasarta kai tsaye a talabijin a 2013, ƙasar ba ta rushe ba. Tamu kotun ta ƙarar zaɓen shugaban ƙasa a 2023 ta ce atafau ba za a nuna sauraron shari'ar kai tsaye ba. Mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as.

Lauyoyin Maiduguri da 'yan jaridarmu, ku daina haɗiye wannan. Ku nemi rubutacciyar ƙa'ida: a bar mutum ya shiga da wayarsa a shiru, kotu ta naɗi kowane zama da kanta, wanda shari'a ta shafa ya samu kwafi in ya nema.