Ra'ayinmu: Kada A Jira Ƙasa Ta Motsa A Gaɓar Abijan

Ranar 14 ga Maris 2024, igiyoyin intanet da ke kwance a ƙarƙashin teku gaban Abijan suka tsinke. Bayanan farko sun alaƙanta abin da motsin ƙasa a gindin ruwa. Daga Ajame da Treichville har kasuwannin kan iyaka, tura kuɗi ta waya ya yi wuya, ciniki ya tsaya cak.

A cikin wannan tekun ne dukiyar man Kwaddibuwa take. Kamfanin Eni ya gano rijiyar Baleine a 2021, aka fara haƙo mai a 2023. Gas ɗin Foxtrot kuma shi ke ciyar da tashoshin lantarki na Azito da CIPREL, waɗanda wutarsu ke kaiwa har Mali da Burkina Faso.

Wasu na cewa yankinmu ba ya girgizar ƙasa. Sun manta ne. Ta afka wa Akra a 1939, ta kuma kashe ɗaruruwan mutane a arewacin Gini a Disamban 1983. Gab da bakin mashigin Vridi, inda jirage ke shiga tashar Abijan, akwai wani kwazazzabo mai zurfi a cikin teku da ake kira Trou sans Fond, wanda gangarensa kan iya zabtarewa.

Dandamalin da aka kafe a gindin teku, idan ƙasa ta girgiza, jijjigar kan ƙaru a samansa, inda janareto da tankuna da bututu suke. Shi ya sa ake ɗaure su da ƙusoshi masu ƙarfi, a sa makullan da ke rufe gas da kansu. Jirgin haƙo mai da ke shawagi bai cika jin jijjiga ba, amma bututunsa da ke kwance a ƙasa zabtarewa na iya tsinka su.

Idan gas ya yanke, wuta za ta yanke, kifi ya ruɓe a ɗakin sanyi, aikin sauke kaya a tasha ya yi nawa, kuɗin mota ya hau. Ɗan kasuwa ne zai biya.

Don haka muna kira ga Petroci da hukumar tashar jirgin ruwa ta Abijan su riƙa binciken waɗannan na'urori a kai a kai, su kuma bayyana wa jama'a sakamakon. Ku kuma shugabannin 'yan kasuwa, ku yi wannan tambaya a duk zaman da za ku yi da hukuma. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye.