Baƙo Ko Da Ido Makaho Ne

Yaranmu da ke tafiya karatu Amurka ko Ingila, da zarar hunturu ya gabato, sai makaranta ta ce su je a yi musu allurar mura. Daga nan sai yaro ya aiko gida yana tambaya: "Malam, in yarda ko in ƙi? Mura ce fa kawai." Tun da yake iyaye da malamai ake tambaya, ya kamata mu san amsar da za mu bayar.

Da farko dai, ba mu ga laifin yaron da ya yi shakka ba. Wanda ya ji labarin gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano cikin 1996, ba a ce masa matsoraci don ya tsaya tambaya. Amma wancan sabon magani ne da ake gwadawa. Ita allurar mura tun wajen 1945 ake yin ta.

Na biyu, wannan cuta, wadda Turawa ke kira infuluwenza, ta wuce murar da muka saba da ita lokacin hunturu. Ita ce ta kashe mutane wajen miliyan 50 a annobar 1918, har ta shigo Nijeriya ta Ikko. Bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 kowace shekara. Saurayi mai ƙarfi yakan warke, amma kwana bakwai a kwance lokacin jarrabawa ba ƙaramar hasara ba ce. Balle kuma in akwai tsoho ko jariri a gidan da aka sauke shi, ya kwaso ya kai musu. Wannan ba sakayyar da ta dace da mai masauki ba ce.

Waɗansu sukan ce allurar ce ke sa mura. Ba haka ba ne, gama babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. Abin da aka fi gani shi ne ciwon dantse ko ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu. Sai bayan mako biyu take fara aiki. Kuma ba ta tsare kowa da kowa ba. A shekarar da ta dace, takan rage haɗarin da kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ana sake ta kowace shekara domin ƙwayar cutar tana sāke kama.

Saboda haka shawararmu ita ce, yaro ya je wurin likitan makaranta, ya faɗa masa in wata allura ta taɓa yi masa lahani, ya tambayi duk abin da ya shige masa duhu, sa'an nan ya miƙa hannu. Kakanninmu ma sun gudu daga masu lamba, amma lambar ce ta kawar da agana daga duniya a 1980. Rigakafi ya fi magani.